Diyyar Hannun Dorin

Aladu aka sayar Dorin ta je jami'a, kuma a yankinmu na Simbu wanda ya sayar da alade dominka ba ya mantawa ko da kai ka manta. Dangi sun sa rai lauya za ta dawo, mai ƙwato musu fili a kotu. Sai ga ta daga birnin Mosbi da digiri a nazarin ƙabilu da zaman maza da mata, da jaka cike da littattafai, babu aiki.

Kawunta Siwi, wan mahaifinta, wanda ya ba da ƙosasshen aladensa, ya juya takardar digirin gaba da baya.

"To 'yata, wannan nawa yake kawowa a wata?"

"Kawu, ba haka ake auna shi ba."

"Da me ake auna shi? Maza da mata ai mun san su tun ba a haife ki ba. Da ni kika tambaya, da kyauta na faɗa miki."

Aka kwashe da dariya. Daga ranar ta zama Farfesar Dankali, tunda gonar dankalin ta koma. Abin yana cin ranta ƙwarai, don ita ma idan ta kaɗaice takan tambayi kanta ko asara ta jawo musu. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariyar ba, Gwaggo Wamu, ƙanwar mahaifinta, wadda aka aurar wa dangin tsallaken kogi, mijin ya rasu ya bar ta ba ɗa. Takan zo da gasasshen dankali ta ce, "Karanta min abin da suka rubuta a kanmu, in ji ko sun yi ƙarya."

Wata safiya zazzaɓi ya kashe ɗan shugaban tsallake. A wajenmu yaro ba ya mutuwa haka kawai, sai an nemo wadda ta ci kurwarsa. Wa kuwa za a nemo in ba tsohuwa marar gata mai gonar kofi da kowa ke haɗiyar yawu a kai ba? Dorin ta san yadda abin ke tafiya, a kansa ta yi bincikenta. Tana jin labarin an kama Wamu ta yar da fartanya ta faɗa kogi ta haye.

Ta tarar an ɗaure Wamu tsirara a jikin turke. Samari sun hura wuta, suna ciro ƙarafa jajir suna manna mata a cinya da ƙirji. Ƙaurin fata ya cika wurin. Mazan danginsu Dorin kuwa suna tsaye a bakin ruwa, hannu a baya, kamar masu kallon ƙwallo.

"Ku kwance ta," in ji Dorin. "Sauro ne ya kashe yaron nan, kuma kun sani. Gonarta kuke so."

"Ke 'yar boko, ja jikinki," in ji uban yaron, idonsa ya kaɗa. "Ko ke ma ta ba ki kin ci ne?"

Ya ɗaga adda a kan tsohuwar. Dorin ta kai hannu ta tare. Ba ta ji zafi ba da farko, ta dai ga hannunta na dama a ƙasa, yatsun na motsi cikin toka. Sara na biyu ya sami Wamu a wuya.

Da aka sallamo Dorin daga asibiti, sai aka sa ranar diyya. Mutanen tsallake suka jera aladu a turaku, suka soke takardun kuɗinmu na kina a jikin doguwar gora. Siwi ya fito tsakiyar fili da gashin tsuntsu a ka, ya ɗaga digirin sama, an ma sa takardar a cikin gilashi.

"Wannan hannun ba irin na uwayenku ba ne," ya ce. "Hannun jami'a kuka sare. Ku duba hatimi. Kaf kwarin nan wa ke da irinsa? Wannan abin da kuka jera, kuɗin yatsa ɗaya ne."

Suka ƙaro aladu, ya yi tsaki. Suka sake ƙarowa, har da wata tsohuwar mota, sannan ya karɓa. Mata suka rangaɗa guɗa.

Ya zo inda Dorin ke zaune da dungulmin hannunta a naɗe, bakinsa har kunne.

"Kin gani, Farfesa? Ashe karatun naki na da tsada. Lauya ma ba zai kawo haka ba."

Dorin ta ɗago kai. Da ƙyar ta ce, "Kawu, diyyar ran Gwaggo Wamu fa? 'Yar'uwarka ce."

Ya dube ta da mamaki na gaske.

"Wamu ko aji ɗaya ba ta shiga ba, 'yata. Me zan ɗaga musu?"

Ya miƙa mata takardar ta riƙe masa, sai ya tuna, ya ajiye mata a cinya. Ya wuce ya je duba ƙosasshen aladen da ya zaɓar wa kansa.