Fatalwar da Ta Yi Gumi

Yayana Eudomar ya ce babu ɗan Adam ko ɗaya a cikin jirgin fatalwarmu, komai kwamfuta ce ke yi, kuma shi ya haɗa da hannunsa bayan ya dawo daga Amurka. Wanda ya faɗa wa haka shi ne Don Asdrúbal, mai kantin magani a Valera, mahaifin Maigualida da yake son aura. Ya ƙara da cewa mahaifiyarmu tana Caracas, babban birnin ƙasarmu, tana hutawa a gidan bene.

Ina tsaye da tsintsiya a lokacin. Iyakar tafiyar Yaya da na sani Maracaibo ce, nan cikin ƙasarmu, ita ma amai ya yi ta yi a mota. Amurka a waya ya gan ta.

Jirgin namu rumfar kwano ce doguwa a filin wasan gari. Mun shafe cikinta da baƙin fenti, dogo irin na jirgin ƙasa ya nannaɗe a ciki, wani tsohon inji na jan keke mai ɗaukar mutum biyu. Abin da wuta ke yi ke nan, sai fitilu da lasifika. Sauran duk mu ne. Ni ina bayan katako ina leƙe ta rami. Keke ya iso, in ja igiya akwatin gawa ya buɗe, in taka ƙarfe ƙwarangwal ya faɗo, in saki jiƙaƙƙen zare ya shafi fuskar mutane su yi ta salati da sunan waliyyai. Kawu Nerio, ƙanin Mama, yana duhu yana fito da baki yana jan buhun ƙashin shanu. Mama kuwa ita ce Sayona, fatalwar nan mai farar riga da ke tare maza masu yawon dare. Tana kwanar ƙarshe, fuska shafe da hoda, keke ya zo ta ɗaga hannuwa ta kurma ihu. Tun kafin a haife ni take wannan ihun. Da shi muka ci arepa, wainar masarar nan tamu, da shi Yaya ya sayi farar riga irin ta likitoci ya fara kiran kansa injiniya. A ɗakin tikiti kuma ya ajiye wata matacciyar kwamfuta, ya naɗe ta da fitilun Kirsimeti.

Don Asdrúbal mutum ne da ba ya haɗiyar ƙwaya sai ya karanta takardar cikin kwali. Ya ce kafin ya ba da amsa kan 'yarsa, zai zo ranar Lahadi bayan coci ya ga aikin.

Yaya ya tara mu a kicin.

"Mama, ranar Lahadi kawai. Ki ɗaga hannu daidai, ki sauke daidai, kamar inji. Kada ki yi tari."

"In tarin ya zo fa?" in ji Mama.

"Ki haɗiye."

Kawu Nerio ya ajiye kofinsa. "Ni wace ƙasa ta ƙera ni, ranka ya daɗe injiniya? Ko za a tambaya."

"Jamus."

"To a gaya wa Jamus gwiwar hagu na ciwo."

Na ce, "Yaya, kai ko kunya ba ka ji?"

"Yusbely, ke ba ki san yadda ake shiga manya ba. Mutumin nan ba zai ba ɗan fatalwa 'yarsa ba. In an gama biki sai Mama ta dawo daga Caracas, shi ke nan."

Na jira Mama ta zage shi. Sai ta tashi ta kwashe kofuna. Da yamma na same ta gaban madubi tana gwada ɗaga hannu a sandare, tana sauke shi a sandare. Ta tambaye ni ko ya yi. Na ce ya yi.

Lahadi rana ta buɗe sosai, kwano ya ɗauki zafi. Maigualida ta ce ita ba ta shiga, ta tsaya waje da lemonta. Don Asdrúbal ya zauna a keke da malafarsa a cinya, Yaya a gefensa yana bayani. Na ja igiyata, na taka ƙarfena. Kawu ya yi fito. Ina jin Yaya yana cewa, "Wannan sautin daga kwamfuta yake fitowa."

Suka iso kwanar ƙarshe. Mama ta ɗaga hannuwa, ta buɗe baki, sai aka ɗauke wuta.

A wajenmu wannan ba labari ba ne. In an ɗauke wuta, ni da Kawu mu fito mu tura keken waje, Mama ta ba mutane haƙuri. Amma ranar nan, a cewar Yaya, ba mu nan. Mama kuma ta san inji ba ya motsi in babu wuta. Sai ta tsaya yadda take, hannu a sama, baki a buɗe.

Don Asdrúbal ya kunna fitilar wayarsa, ya sauko daga keken, ya matsa kusa da ita.

"Kai, wannan aiki ya yi kyau. Har da tamojin wuya. Da me aka yi fatar?"

"Roba ce ta musamman," in ji Yaya.

"Amma ta ɗan tsufa, ko?"

"Tsohon yayi ne. Ita na tarar. In na samu hali zan cire ta in sa sabuwa."

Ina kallo ta ramina. Fuskata ta yi zafi kamar ni ce na faɗa. Igiya na hannuna, da na so da na fito. Ban fito ba, na tsaya ina kallon Mama da hannuwanta a sama.

Gumi ya taso mata daga goshi, ya tsaga hodar, ya gangaro har haɓa. Don Asdrúbal ya bi shi da fitila.

"Injiniya, tana zuba."

"Mai ne. In ta yi zafi takan yi haka."

Tsohon ya ƙara matsowa. Ya miƙa hannu ya kama wuyan hannun Mama, ya ɗora yatsu biyu, irin yadda yake yi wa tsofaffi a kantinsa. Ya ɗan jima a haka.

"Baiwar Allah," ya ce a hankali, "sauke hannunki. Zuciyarki na gudu da yawa."

Mama ta sauke. Ta jingina da katako tana haki, tarin da ta haɗiye ya fito gaba ɗaya.

"Ke wace ce a nan?" in ji tsohon.

Ta dubi Yaya, Yaya ya dubi dogo. Ta ce, "Ma'aikaciya ce ni, ranka ya daɗe. Injin ne ya lalace jiya, aka ce in tsaya masa. Injiniya ma bai sani ba."

Har ƙaryar ta gyara masa. Don Asdrúbal ya gyaɗa kai, ban san ko ya yarda ba. Ya ce a fita a sha iska. Hanyar fita siririya ce, dole mutum ya goga kafaɗa da Sayona kafin ya kai ƙofa.

Mu a nan, ɗa ba ya wuce uwarsa karon farko a yini bai nemi albarka ba. Ba tunani ake yi ba, baki ne ke yi, tun kafin mutum ya iya ɗaura takalmi. Yaya kuwa tun asuba ya fita goge kwamfutarsa, ba su haɗu ba. Ya zo gifta ta, kansa a ƙasa, ya ce, "Albarka, Mama."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana," in ji Mama, ta zana masa gicciye a goshi. Hoda ta bar masa farin tabo.

Don Asdrúbal ya juyo da fitilar, ya haska tabon.