'Yar Sabiru a Tsohuwar Tashar Huangpu

Shekara goma sha ɗaya Hajiya Barira ta yi tana zuwa Guangzhou saro kaya, sau biyu a shekara, amma abin da ta sani na garin bai wuce hanyar da ke tsakanin masaukinta na Liuhua Lu da kasuwar Canaan ba. Ta san layin da ake samun abaya mai kyau. Ta san mai shagon da zai girgiza mata kai ya ce "meyo", wato babu, alhali kayan na ƙarƙashin teburinsa. Shagunanta biyu na Kantin Kwari da kayan garin nan ta cika su. Abu ɗaya ne ba ta taɓa yi ba a duk zuwan nan, shi ne neman ƙaninta Sabiru, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda yake zaune a garin.

Sabiru ya riga ta zuwa China. Tun yana saurayi ya zo, ya koyi yaren, ya shiga harkar haɗa wa 'yan kasuwa kaya, ya auri wata 'yar ƙasar mai tsaron shago a Canaan. Ta musulunta, ya sa mata A'isha. Mahaifiyarsu Inna ba ta so auren ba, amma ta haɗiye. Abin da ya raba shi da Barira ciwon ajalin Inna ne. Wata biyu tana kwance tana tambayar autanta, shi kuwa bizarsa ta ƙare, in ya fita ba zai samu dawowa ba, ga matarsa da jaririya. Bai zo ba. Ranar sadakar uku Barira ta kira shi ta ce, "Ka zaɓi abin da ka zaɓa. Daga yau ba ni da ƙani, kar ka sake kirana." Ya ci gaba da kira har wata shida, ba ta ɗauka ba, ya haƙura.

Bara da damina aka bugo waya Kano aka ce ciwon hanta ya kashe shi. Barira ta zauna zaman makoki, ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta karɓi gaisuwa, amma ba ta kira matarsa ba.

A wannan zuwan ne ta kasa barci da abin. Ta samu Souleymane, wani mutumin Maraɗi mai tura mata kaya, wanda tsohon abokin Sabiru ne, ta tambaye shi inda matar take.

Ya ɗago kai daga takardun gabansa ya ce, "Hajiya, ta koma garinsu, can bakin ruwa, Huangpu. Bari in hwaɗa mata kina nan. In ta yarda, to."

Bayan kwana biyu ya ce mata ta yarda, ta taho ranar Lahadi. Ya rubuta wa direban tasi adireshin da rubutun mutanen China.

Barira ta shirya jaka: turmin atamfa biyu, kilishi, da 'yan kunnen zinaren Inna da ta ajiye shekara da shekaru a ƙasan akwati. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Wannan ne ya fara tsaya mata a rai, domin a zatonta wata uwa duniya ce.

Tasin ta ajiye ta a bakin wata tsohuwar ƙofar dutse. Daga nan kasuwa ce a matsattsen lungu, mutane kafaɗa da kafaɗa. An shanya busasshen kifi a kan faifai, an rataye wani a igiya, ƙarninsa ya gauraye da ƙamshin citta. Tsofaffi mata sun kasa gwanda da ayaba da ganyaye a ƙasa. Duk inda ta wuce sai an bi mayafinta da kallo. Ba ta ga baƙar fata ko ɗaya ba.

"Sannu da zuwa, Hajiya."

Ta waiga a firgice. Wata siririyar mata ce da ɗan kallabi, tsaye a bayan tebur tana zuba madara mai zafi a ƙananan kwanoni. Hausarta a karkace take, amma jan muryar na Sabiru ne sak, Kananci irin na cikin gari. Kuma Hajiya ta kira ta, ba Yaya ba. Barira ta ji wannan.

"A'isha? Ya haƙuri? Ya muka ji da haƙuri?"

"Da godiya," in ji A'isha. Ta miƙo mata kwano. "Madara da citta. Ba komai na haram a ciki."

Barira ta sha cokali biyu, ta ajiye kwanon. A'isha ta yi wa wata tsohuwa da ke zaune a gefe magana da yarensu, mahaifiyarta ce, sannan ta cire ƙyallen gabanta ta rataye.

"Taso. Zan nuna miki gari."

"Ai ba yawon buɗe ido na zo ba, A'isha. Magana na zo mu yi."

"Na sani. Amma shi ya ce in kin zo a nuna miki. Ya daɗe da tsara inda zai bi da ke. Tunda babu shi, ni zan yi."

Haka Barira ta bi ta, da jaka a hannu. Suka ratsa lunguna masu daɓen dutse da ƙafafu suka goge har suna santsi. A'isha tana tafiya da sauri, tana magana kamar mai karanta takarda. Wannan zauren kakannin wani dangi ne. Wannan katangar da ɓawon wasu halittun ruwa masu kama da dodon koɗi aka gina ta. Suka tsaya gaban wani kango, rufinsa ya rufta, saiwoyin wata ƙatuwar bishiya sun naɗe bangon sun tsaga shi har ƙasa, ciyawa ta cika tsakar gidan.

"Gidan wani attajiri ne," in ji A'isha. "'Ya'yansa sun tafi ƙasashen waje, ba wanda ya dawo. Sabiru ba ya son wucewa ta nan. Amma ya ce ke za a nuna miki."



Daga nan suka fito bakin ruwa. Wasu tsofaffin matakalan dutse sun gangara sun nutse cikin ruwa mai launin ƙasa, gansakuka ta rufe na ƙasan. Ƙananan kwale-kwale na ɗaure a gefe. A'isha ta ce a da nan ne manyan jiragen ruwa daga ƙasashe masu nisa ke tsayawa su yi lodin ganyen shayi da tangaran da siliki, kafin laka ta cike wurin, ciniki ya tashi ya koma wani waje.

"Nan yake zama duk Lahadi. Yana cewa, Yaya 'yar kasuwa ce, in ta ga nan za ta so shi. Ya ce zai tsokane ki, wai ki ga ba ke kika fara saro kaya a China ba."

Barira ta zauna a kan dutsen. "Da na san ba shi da lafiya…"

"Souleymane ya gaya miki yana asibiti. Kin ce Allah ya sawwaƙe."

Gaskiya ne. A gaban shagon wani mai mayafai ya gaya mata, ita kuma ta ɗauka zazzaɓi ne, ta ci gaba da zaɓen kala.

A'isha ta zauna nesa da ita kaɗan, tana kallon ruwa. "Duk zuwan da kike yi ya sani. Yakan je Canaan ya hau bene na sama, ya tsaya yana kallonki kina ciniki. Ya dawo gida ya ce, yau na ga Yaya, ta yi ƙiba, ko ta rame. Akwai ranar da kuka haɗu a matakalar lantarki, kina hawa yana sauka. Ya dawo ya ce ba ki gan shi ba." Ta juyo ta dube ta. "Ni na san kin gan shi."

Barira ta tuna ranar sarai. Shuɗiyar riga ce a jikinsa, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya buɗe baki zai yi magana, ita kuma ta sunkuyar da kai ta shiga laluben jakarta har suka wuce juna. A lokacin gani ta yi ta rama wa Inna. 

"Na gan shi," ta ce.

"To," in ji A'isha. Iyakar abin da ta ce ke nan.

Suna nan zaune wata yarinya ta gangaro daga lungu da jakar littattafai a baya, doguwa, wankan tarwaɗa, gashinta a cukurkuɗe an ɗaure shi da roba. Barira ta miƙe ba ta san ta miƙe ba. Goshin Inna ne, har da wushiryar. Sunan Inna ma Sabiru ya sa mata, Rahila, sunan da bakin Barira ba zai iya furtawa ba.

"Ummi," ta ce, ta buɗe hannuwa. "Ummina, zo."

Yarinyar ta tsaya cak, ta dubi uwarta. Ba ta jin Hausa in ban da sannu da na gode. Barira ta sauke hannuwanta, ta durƙusa ta zuge jaka, ta shiga fito da kaya tana bayani kamar tana gaban mai saye. Rahila ta karɓi komai da hannu biyu, da ladabi, tana ɗan rusunawa. Da ta shinshina kilishin sai fuskarta ta canza, ta yi wa uwarta wata magana a hankali.

"Ta ce babanta yana son wannan. A asibiti ya yi ta nema, ba mu samu ba."

Barira ta dubi gashin yarinyar. "Wa yake mata kitso?"

"Ba kowa. Ni ban iya ba. Da babanta ne yake taje mata. Yara a makaranta suna taɓawa suna dariya. Tana ƙarama yakan ce mata akwai garin da kowa gashinsa irin nata ne, akwai gwaggonta da za ta zo ta yi mata kitso. Ta daina tambaya tun tana shekara takwas."

"Ki gaya mata ga ni na zo. Ki ce mata ni ce gwaggonta. In an yi hutu in tafi da ita Kano ta ga danginta, gidanmu cike yake da 'yan'uwanta. Wallahi ba abin da za ta nema ta rasa."

A'isha ta fassara, kuma Barira ta lura ba ta rage komai ba, domin maganar ta yi tsawo. Rahila ta saurara har ƙarshe. Sannan ta dubi Barira ido cikin ido, ta girgiza kai, ta yi magana gajeriya. Ba a buƙaci tafinta ba. A cikin maganar Barira ta tsinci kalmar da ta fi sani a yaren, meyo.

"Ta ce ba ta da gwaggo," in ji A'isha, ba tare da ta sassauta murya ba.

Yarinyar ta ajiye atamfar da 'yan kunnen a cinyar uwarta, ta riƙe ƙunshin kilishin kawai, ta juya ta hau lungu.

"Yarinya ce," Barira ta ce. "Ke za ki fahimtar da ita. Jininmu ce, A'isha."

"Ranar da ya rasu, mutanen Maraɗi da Yamai ne suka wanke shi suka kai shi maƙabartar Musulmi. Liman ya tambaya ko akwai ɗan'uwansa na jini. Ita kaɗai ce a wurin. Ban koya mata ƙinki ba, Hajiya. Ban kuma iya koya mata sonki ba." Ta ninke atamfar ta mayar a jakar Barira. "Wannan ba mai ɗinka mana a nan. 'Yan kunnen zan ajiye mata, na kakarta ne."

Ta raka ta har ƙofar dutse. Kasuwar ta fara watsewa, ana kwashe kifin da aka shanya. A'isha ta tsayar da tasi, ta yi wa direban kwatance.

"Ki ba ni lambarki," in ji Barira. "Ko muryarta in riƙa ji."

"Wayarsa ce a hannuna. Bai taɓa canza lambar ba, wai ko za ki kira. Ai kina da ita."

Barira ta gyaɗa kai, ta shiga mota. Ba ta da ita. Tun shekarar rasuwar Inna ta goge, kunya kuma ta hana ta faɗa.

Washegari ta karɓi lambar a wurin Souleymane, shi ma bai tambaye ta dalili ba. Ta roƙe shi ya kai ta maƙabarta, ya kai ta, ta tsaya daga nesa ta yi addu'a. Bayan ta koma Kano ta kira ranar ƙaramar Sallah. A'isha ta ɗauka, suka gaisa, ta miƙa wa Rahila. Yarinyar ta ce "sannu", ta mayar wa uwarta wayar. Da babbar Sallah ma haka. A karo na uku da ta kira, wayar ta yi ta ƙara har ta katse ba a ɗauka ba, Barira tana zaune a shago da mai saye a gabanta yana jiran ta sauko masa da abaya mai ruwan toka.