Kwalbar da Ba Ta Ɗumi

Ina ɗaga murfin fedar na ji tsaki ya kufce min. Baba Maje yana zaune a bencin shagona, ya miƙe ƙafafunsa da suka kumbura har silifa ba ta shiga, jitarsa a kan cinya.

"Inuwa, me ka gani?"

Na ƙara leƙa cikinta. Shekara ashirin da biyu ina gyaran rediyo da amfilifaya a bakin kasuwar Tarauni, na buɗe ƙazanta iri-iri, amma wannan ta daban ce. Feda ɗan akwatin ƙarfe ne, bai fi sandar sabulu ba, mai jita yana jona shi ya taka da ƙafa, sauti ya yi kaushi. A jikin kwalin wannan an rubuta wai tana ba da ainihin muryar manyan amfilifayoyin Ingila na da. Har 'yar taga suka yi mata a sama, ana hango wata kwalba tana ja kamar garwashi, irin kwalaben cikin tsoffin rediyo. To, kwalbar nan ko waya ɗaya ba ta shiga cikinta ba. Da gam aka liƙe ta, aka dasa mata ɗan ƙwan fitila irin na cajar waya a ƙarƙashi, shi ne yake haska ta. Wani ƙato ne ya zauna a wata ƙasa ya yi tunanin wannan, ya zana, ya tashi ya tafi gida ya ci abinci.

"Baba, kwalbar ado ce. Ba ta aikin komai."

"Na sani," ya ce. "Tun jiya na ɗora hannu. Awa guda tana kunne, sanyi ƙalau. Tsohuwar amfilifayata kuwa kafin ka gama saita tsirkiya ta yi ɗumi."

Wannan ita ce feda ta huɗu da ya sayo a shagunan masu kayan kiɗan coci a Sabon Gari. Katanga ɗaya ce tsakanina da shi a Gyaɗi-Gyaɗi, don haka duk ta kunnena suka bi. Ta farko kukanta kamar an rufe ƙudan zuma a gwangwani. Sauran ma ba su fi ta mutunci ba, fenti kawai ake canzawa.

Abin da yake nema na san shi, don da hannuna na yi ta gyara shi. Da ƙuruciyarsa Baba Maje ya yi kiɗan jita a otal-otal na Sabon Gari, da wata amfilifaya baƙa mai kwalabe shida da ya saya a hannun wani ɗan Gana. Yakan ce idan aka ƙure ta har kwalaben suka yi ja, muryarta takan dushe kamar ta wanda ya sha kuka. Da zai yi aure surukai suka ce ba sa ba makaɗi, sai ya tura jitar ƙarƙashin gado, ya kama tuƙin motar haya, amfilifayar kuma ya ɗauka a kai ya ba masallacin layinmu. Shekara talatin da 'yan kai da ita ake kiran salla. Bai taɓa kewar ta ba, sau biyar a rana yake jin ta. Idan ladan ya ja murya sama ta ɗan tsage, Baba Maje yakan yi murmushi yana alwala.

Bara wani ya kawo sabuwa, aka jefa tsohuwar a sito. A watan ne kuma likita ya ce zuciyar Baba Maje ta gaji, ruwa yana taruwa. Ranar da ya dawo daga asibiti ya jawo jitar daga ƙarƙashin gado.

"Rufe abin nan," ya ce min, yana nuna fedar da ke gabana. "Ka raka ni wajen Alhaji Zakariyya. Aro zan nema, na yini ɗaya. In ji ta sau ɗaya, shi ke nan."

Alhaji Zakariyya shi ne shugaban kwamitin masallaci. Muka same shi bayan la'asar a ƙofar gidansa, kan farar kujera, yana cin gyaɗa yana watsar da ɓawo a gaban baƙi. Baba Maje ya girme shi da shekara goma, amma da ƙyar ya durƙusa da kumburarrun ƙafafun nan ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya kawo mu.

Alhaji ya hure ɓawon hannunsa. "Malam Maje, ai waƙafi ne. Abin da ka ba Allah ba ka dawowa ka ce a ba ka."

"Aro ne, Alhaji. Da safe a ɗauka, kafin magariba Inuwa ya mayar."

"Aro a yi me da ita? Abin da ya ɗauki sunan Allah shekara talatin, yanzu a kai shi ɗaki a yi kiɗa? Kai da kake wannan hali? Carbi ya kamata a gani a hannunka, ba jita ba. Ni dai ba da hannuna ba, wallahi. Amana aka ba ni."

Ya yi ta yi har aka fara taruwa. Yana magana ɓawon gyaɗa na manne a gemunsa, ni kuwa shi nake kallo, don idan na kalli Baba Maje zan faɗi abin da ba a faɗa wa babba. Baba Maje ya ce, "Gaskiya ne, Alhaji. Allah ya saka." Na kama hannunsa ya tashi. Muka kama hanyar gida.

Sati biyu bayan nan ya kwanta. 'Yarsa A'isha ta taso daga gidan mijinta a Darmanawa ta zo jinya. Wata safiya ta tare ni a zaure.

"Yaya Inuwa, me ya ba masallaci? Ko ruwa na miƙa masa sai ya ce in tambaye ka ko an buɗe sito."

Na fasa zuwa shago. Ni nake gyaran wayoyin masallaci, ba wanda zai ce min me kake nema a sito. Na yi niyyar in ɗauko ta in kai masa, in ya so a kai ƙarata duk inda za a kai. Ladan ya ba ni makulli. Na buɗe, na tarar da tsoffin tabarmi da butoci fasassu, sai shatin inda take a ƙasa.

"Ina baƙar amfilifaya?"

Ladan ya sosa ƙeya. "Ai tun kafin azumi Alhaji ya kira 'yan jari bola suka kwashe tarkace. Ya ce tana cin waje."

Na tsaya na lissafa watanni. Ranar da yake mana wa'azin waƙafi da amana, ranar da tsoho ya durƙusa masa, wata uku ke nan da ɗora ta a sikeli. Ya san ba ta nan. Da ya ce an sayar, da mun tafi. Sai ya zaɓi ya ɗauki tsoron Allah ya rufe bakinsa da shi. Na ji yawu ya cika min baki, na fita waje na tofar.

Ladan ya kwatanta min filin 'yan jari bolar a bayan Unguwa Uku. Na hau adaidaita na je. Hayaƙin roba ya cika wajen, ana ƙona wayoyi don a ciri jan ƙarfe. Mai wajen ya tuna ta sarai.

"Baƙar nan mai nauyin tsiya? Kai, ta yi jan ƙarfe mai kyau. Taransifomarta biyu."

Akwatin katakon amfilifayar kuwa a kansa yake zaune. Na ce ya ɗaga. A ciki akwai fasassun kwalabe da kashin ɓera, sai wata ƙarama guda ɗaya da ta maƙale a lungu, ko tsagewa ba ta yi ba. A gindinta akwai ɗigon jan fenti. Baba Maje ne ya ɗiga wa kowacce da hannunsa, tun zamanin otal, don kada masu gyara su musanya masa.

"Ɗauka," in ji mai wajen. "Gilashi ba ya kilo."

A shago na ɓamɓare kwalbar ƙarya daga feda ta huɗu, na cire ɗan ƙwan fitilar na jefa a kwata. Na zaunar da ta gaskiyar a gurbin, na ja mata wutar da za ta ɗumama ta. Iyakar abin da zan iya ke nan. Kwalba ɗaya ba ta mayar da feda amfilifaya, sautin ƙudan zuman yana nan yadda yake. Ina narka dalma ina jin ƙyamar kaina, don ni ma ga ni ina haɗa abin da zai yi ja a bayan taga alhali ba ya faɗin komai. Bambancina da wancan ƙaton, ni na san wanda zan yaudara, har na san sunan 'yarsa.

Da azahar na shiga ɗakinsa. An jingina shi da filo uku saboda numfashi. Na jona fedar, na ajiye a gefen katifa. A hankali zaren cikin kwalbar ya fara ja. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa hannu ya ɗora a kan tagar. Na ga yatsunsa sun tsaya cak.

"Ta yi ɗumi."

"Ta yi, Baba."

"Juyo min ita."

Na juya. Ya kawo ta kusa da ido, ya ga jan fentin. Sai a lokacin na gane wautar da na yi. Ba a cire wa amfilifaya mai rai kwalba.

"Sun fasa ta ke nan," ya ce.

Na buɗe baki in yi ƙarya, ƙaryar ta ƙi fitowa. Na ce, "Tun kafin azumi."

Ya rufe ido. Na san lissafin da yake yi, don ni ma na yi shi a ƙofar sito. Bai ambaci sunan kowa ba. A'isha ta ɗauko jitar daga jikin bango ta ce, "Baba, a jona maka?" Ya girgiza kai.

"Mayar da ita ƙarƙashin gado. Wannan dai a bar min ita a kunne."

Ya jawo fedar jikinsa, tafin hannunsa a kan tagar. Haka na bar shi. Washegari da hantsi ina buɗe shago A'isha ta kira ni, ban ma bari ta gama magana ba.

Alhaji Zakariyya ne da kansa ya yi sanarwa a sabuwar lasifika, muryarsa tas, ko ƙura babu. Ya ce unguwa ta yi rashin bawan Allah mai hidima ga masallaci, wanda sadakarsa mai gudana za ta bi shi har kabari. A maƙabartar Tarauni ma shi ne a gaba, yana nuna wa masu haƙa inda za su gyara. Da ya miƙo min hannu a wajen gaisuwa na karɓa, don mutane suna kallo, daga baya na goge a rigata.

Bayan la'asar A'isha ta ce in shigo in fitar da katifar a shanya. An ɗauke wuta tun safe, ɗakin da duhu-duhu, sai warin magani. Na naɗe katifar na ɗaga, fedar tana ƙasa a jikin bango, wayarta a jone. Ina tsaye aka kawo wuta. Fanka ta fara juyi, zaren cikin kwalbar ya soma ja kaɗan-kaɗan.

"A kashe?" in ji A'isha daga bakin ƙofa.

Na ce, "Bari tukuna."

Na ajiye katifar, na tsuguna, na ɗora hannu a kan tagar ina jira ta yi ɗumi.