Ottokar a Kan Benci

Sati uku ke nan da aka sallami Ottokar Pahlke daga ofis, bai kuma gaya wa matarsa Hulda ba. Kullum da safe yakan sa kwat, ya ɗauki lema, ya je ya wuni a benci cikin marasa aikin Berlin.

Ran Asabar ya hango jaridar barkwanci a rumfar mai jarida. A ciki an zana titin da yake wuni kaf, har da ɗan sanda mai tumbi, ga shi nan shi ma a kan benci da lemarsa mai karyayyen hannu. Tun daga ranar ya kasa zama, yana ta zaga unguwa har aka sauke jaridar. Ya manta cewa masu sayar da kifi da tsohuwar jarida suke naɗi.

Wata rana da ya koma gida, ya tarar da Hulda tana warware kifi daga shafin nan, duk ya jiƙe da mai.

"Maigida, mai zanen nan ya zalunce ka, kunnenka bai kai haka ba," in ji ta. "Gobe ka sa rigar sanyi. Bencin nan akwai iska."