Ninkin Rigar Natsue

Shekara biyu Tomie ta yi tana zana labarin 'yar Yayirus, yarinyar nan da Yesu ya tayar daga mutuwa, saboda Fasto Urakawa ya ce yaran garinsu Sasebo, a ƙasar Japan, ba sa karanta komai sai manga, wato littattafan labari cikin zane. Ta sa wa mutanen Linjila kimono, rigar gargajiyar ƙasar, ta zaunar da su a kan tabarma, ta jera musu takalma a bakin ƙofa. Duk 'yan coci sun gane fuskar da ta ba yarinyar. Fuskar Natsue ce, 'yarta tilo, wadda zazzaɓi ya ɗauke tana da shekara goma sha biyu.

A al'adarsu, mai rai yakan ɗora gefen hagu na rigarsa a kan na dama, gawa kaɗai ake ninke wa saɓanin haka. Ranar da aka shirya gawar Natsue, Tomie ce ta juya ninkin da hannunta, kuma shekara tara abin yana cin ranta. Abin da take nema a littafin bai wuce ta gyara rigar nan ba. A shafi na talatin yarinya tana kwance da ninkin matattu, a na gaba ta miƙe tsaye da ninkin masu rai, babu ko kalma ɗaya.

"Malama Tomie, shafi guda ba magana?" in ji Fasto. "Ko tawada ce ta ƙare?"

"Haba Fasto, wa'azinka na ranar Lahadi ya ishe mu har Asabar. Bar takarda ta huta."

Masu buga littattafai na gida suka yi ta yi mata hanya-hanya, har ta gaji da sintiri. Daga baya wata ƙungiyar mishan ta ƙetare ta karɓa, ta ce a aiko da ainihin zanen. Tomie ta naɗe shi da kanta ta kai gidan waya.

Littafin ya iso cikin damina. Ta saka kimonon da take zuwa biki da shi, ta dafa shayi. Fasto ya shigo da laima tana ɗiga, ya miƙa mata littafin da hannu biyu, ya zauna bai taɓa kofinsa ba. Ta buɗe daga dama kamar yadda kowa ke buɗe littafi a ƙasarsu, sai ta tarar da ƙarshen labari.

"Su daga hagu suke farawa," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Don haka suka juya kowane zane, dama ta koma hagu."

Da farko dariya ta yi, ganin Bitrus almajirin Yesu ya zama bahago yana cin shinkafa. Sannan ta kai shafi na talatin, dariyar ta tsaya. Ga Natsue kwance da ninkin masu rai, kamar barci take. A shafi na gaba an kama hannunta, ta miƙe, idonta a buɗe, sanye da rigar gawa.

"Can ba wanda zai lura, Malama," in ji Fasto.

"Ni fa? Ni ba mutum ba ce?"

"Zan rubuta musu."

"Rubuta. Ka ce su dawo mini da zanena."

Fasto ya daɗe yana murza hannun laimarsa, sannan ya faɗa mata gaskiya. Ainihin zanen ya salwanta a wurin ɗab'i, sun aiko da takardar ban haƙuri mai kyawun rubutu. Littafin kuwa ya riga ya shiga ƙasashe shida. Yanzu ba sau ɗaya Tomie ta yi wa 'yarta suturar matattu ba, sau dubbai ne.

Bayan ya tafi ta ɗauki littafin ta je gaban madubin ɗakinta, ta ɗaga shafin. A cikin madubin rigar Natsue ta dawo daidai, hagu a kan dama, yarinya a tsaye da ranta. Tomie ta ƙura mata ido. Sai ta dubi matar da ke riƙe da littafin a cikin madubin, ta ga tata rigar a ninke irin na matattu. Ba ta sauke littafin ba.