Gurbin Amshi

Shekarar da na kaɗa wa Luba gita, kuɗin mai ya cika Najeriya har ya tumbatso zuwa Landan. Duk kantin da ka shiga a Oxford Street sai ka ji Hausa, ana sayen leshi da akwatuna kamar gobe za a daina yin su. Ni dai ko ƙanshin arzikin ban ji ba. Sunana Choji, mutumin Jos. Da rana kwandastan bas ne ni a layin unguwar Peckham, da yamma kuma in rungumi gita in zauna a bayan duk mawaƙin da zai ba ni kujera.

A hawan sama na bas ɗinmu mai bene na san Luba. Ta hau da yara biyu, ta zauna can baya tana rera wani abu ƙasa-ƙasa, har na manta ban yanka mata tikiti ba. Da na yi mata Hausa ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ashe har karen mota namu ne a garin nan. Ban ji daɗin sunan ba, amma muryar ta sa na haƙura. Ta gaya mini a Sabon Garin Kano ta yi shekaru tana waƙa da 'yan amshinta da makaɗanta, har aure da talauci suka watsa su. Hajiya Murja, matar wani babban ma'aikacin gwamnati da aka turo kwas, ita ta kawo ta Landan riƙon yara. Kwas ya ƙare, ƙarshen wata za su koma, kuma har da ita a cikin kaya. Luba ta ce ba ta zo duniya don wankin nafkin ba, in da za ta sami inda za ta yi waƙa a ba ta izinin zama, ba za ta hau jirgin nan ba.

A lokacin wasu matasan Turawa masu dogon gashi sun shirya biki na mako guda a saman wata mashaya da ke bayan titin Rye Lane. Bikin 'yan gefe ne, wato na masu wasan da manyan gidajen wasa ba su kula su ba. Wasan yammarsu kabare suke ce masa: ƙananan tebura, kowa da kofinsa, da ɗan dandamali da bai fi tabarma biyu ba. Mai wasa ya hau ya yi nasa ya sauka, wani ya hau. Akwai mai haɗiye reza. Akwai wani ƙaton mutum da ke sa rigar mata yana waƙa da muryar tsohuwa, da wasu 'yan mata da ba su da aiki sai zagin gwamnati a waƙe. Ana farawa tun rana tana sama, don a lokacin zafi ranar Landan ba ta da niyyar tafiya, sai an ja mata labule.

Abin da ya sa kowa ke rububin wurin mace ɗaya ce, Jane, mai wani kulob a Soho. Kowace shekara takan zo ta ɗauki mutum ɗaya, ta ba shi aiki na watanni, ta kuma tsaya masa a kan takardar izinin aiki. Na sa an rubuta sunan Luba, aka ba mu ranar buɗewa da ranar rufewa.

Waƙar da ta zaɓa a kan mahaifiyarta ta yi ta, wadda ta yi ta sayar da masa a tashar jirgin ƙasa har ta rasu, Luba tana Kano ba ta sani ba sai bayan an binne. Waƙa ce mai amshi. Luba ta yi baiti, 'yan amshi su karɓe, ta ɗora. To a Peckham ba mu da 'yan amshi. Na ce ni in karɓa mata, ta saurari muryata sau ɗaya ta ce in yi wa Allah in tsaya a gita. Saboda haka duk inda amshi ya kamata ya shigo, sai ta yi shiru ta jira, don bakinta bai san yadda ake tsallake wurin ba, ni kuma in taɓa igiya ɗaya in bari.

Haka muka yi ranar buɗewa. Ta hau da atamfa da ɗan kwali, ta fara. Da ta kai gurbin amshi na farko ta jira, ɗakin ya yi tsit. Na biyu ma haka. Kafin a kai tsakiya har mai kwashe kofuna ya tsaya da tire a hannu. Ba wanda ya yi tari. Na yi shekaru ina kiɗa a gaban Turawa, na san shirun da suke yi in sun gaji da wanda suke yi in an kama su, kuma wannan na biyun ne. Da ta gama aka ɗan jima kafin tafi ya tashi, ya daɗe bai tsaya ba.

Luba ta sauko. A ɗan lungun da aka ba mu na canza kaya ta zauna a kan akwatin kwalabe, ta ce tunda ta fara waƙa ba a taɓa wulaƙanta ta haka ba. Tana kira ba mai amsawa, ba guɗa, ba wanda ya taso ko ya ɗaga hannu, sun zuba mata ido kamar mahaukaciya a kasuwa. Na ce ai sun yi tafi. Ta ce tafin murna ne da ta gama. Muna cikin haka shugaban bikin ya leƙo ya ce Jane tana cikin ɗakin ɗazu, ta ce za ta dawo ranar rufewa da abokin kasuwancinta, kuma wannan waƙar take so ya ji.

Na ɗauka magana ta ƙare ke nan, amma Luba ta fahimce ta ta wata hanya. A ganinta matar ta ji murya ta ga ba jama'a, shi ya sa ta ba ta dama ta biyu. Mawaƙi kuwa da jama'arsa ake auna shi. Ta ce za ta roƙi Hajiya Murja ta zo da mutane.

"Yaya Luba," na ce, "kada ki taɓa komai. Yadda muka yi, haka za mu sake yi."

"Kai ka daɗe a nan, Choji, kunnenka ya zama na Turawa. So kake matar ta sake ganina ni kaɗai?"

Na faɗa sau ɗaya, ban maimaita ba. Ba ɗabi'ata ba ce in bi babba da magiya, kuma waƙar ba tawa ba ce.

Ranar rufewa suka zo, ta matattakalar gefe don kada a ce an gan su a mashaya. Hajiya Murja da mijinta Alhaji Uwaisu, da abokansa na kwas da matansu, da wasu ɗalibai daga Barking da aka ce musu za a yi waƙar gida. Leshi da turare suka cika ɗakin, aka yi ta jan kujeru, lemon mashayar ya ƙare tun kafin mai reza ya sauka. Mutanen kirki ne, sai dai kowa a cikinsu ya yi watanni yana magana ƙasa-ƙasa a ƙasar mutane, ya gaji. Jane tana teburin gaba da abokin kasuwancin nata, wani tsoho mai tabarau.

Luba ta fara. Da ta kai gurbin farko ba ta ko jira ba, matan suka karɓe mata gaba ɗaya kamar an yi gwaji, wata ta rangaɗa guɗa har 'yan matan nan masu zagin gwamnati suka zabura. Na dubi fuskar Luba. Ban taɓa ganin mutum ya yi farin ciki irin haka ba, kuma ni ma, in faɗi gaskiya, tsigar jikina ta tashi. Muryarta ta buɗe, ta fi ta ranar farko ƙarfi nesa ba kusa ba.

A baiti na uku Alhaji Uwaisu ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya hau dandamali ya fara yi mata liƙi a goshi. Duk wanda ya tashi a gida ya san abin da ke biye. Ba a yi wa mawaƙi liƙi ya wuce kamar bai gani ba. Dole ya ajiye abin da yake yi, ya kama sunan mutum da na ubansa da na garinsu. Balle wannan ubangidanta ne, a gaban abokansa. Luba ta juyo ta yi mini alama da hannu in canza kiɗa, na canza. Ta bar mahaifiyarta a tashar jirgi da kaskon masa, ta shiga Alhaji Uwaisu.

Kafin ta gama da shi wani ya taso, don ba zai yiwu a ambaci abokinsa a bar shi ba. Bayansa matan suka yi layi. Ana raɗa mata sunaye a kunne tana jerawa, ɗaliban ma suka lallaɓo da ɗan abin da suke da shi. Turawa suka yi ta dariya suna tafi, wasu har da hawa kan kujera don su gani. Shugaban bikin ya yi ta nuna mini agogo. Da aka kashe fitilar dandamali don mu sauka, ba mu koma kan waƙar ba.

Na tarar da Jane a matattakala tana sa kwat. Ta yi mini magana da ladabi. Ta ce biki ne mai kyau ƙwarai, ta ji daɗi, amma ita ba za ta iya sayar wa baƙinta sunayen mutanen da ba su sani ba. Ta ce ta kawo tsohon ne ya ji wurin nan da mawaƙiyar take tsayawa ta jira ba a amsa mata. Sannan ta nuna mini yatsanta, da ɗan tabon ƙuna a gefe. Ta ce ranar farko ta manta da sigari a hannunta har ya cinye ya kama ta, kuma ba ta motsa ba don kada ta ɓata shirun. Ƙaton nan mai rigar mata suka ɗauka.

A ranar ban gaya wa Luba komai ba. An kewaye ta, Hajiya Murja tana share mata gumi da gefen mayafi tana cewa ashe haka take, in sun koma Kaduna duk sunan da za a yi a gidansu ita za ta yi waƙa.

Ana jibi za su tashi ta hau bas ɗina da yaran, ta zauna inda ta saba. Ta riga ta ji wanda aka ɗauka. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce ai na gargaɗe ta ba, ni ma ban ce ba. Ta ce an yanki tikitin jirgi, ta gama haɗa kaya. Can ta tambaye ni ko matar ta faɗi wani abu a kanta. Na gaya mata duka, har da sigarin da yatsan.

Ta daɗe tana kallon Rye Lane ta taga, ƙaramin yaron yana jan ɗan kwalinta.

"Ranar farko?" ta ce. "Ranar da ba wanda ya amsa?"

Na ce ranar.

"Har ta ƙone, tana zaune a gabana." Ta juyo ta dube ni. "To me ya hana ta tashi ta faɗa, Choji?"

Ta tsaya tana jira, yadda take jira a waƙar. Wani ya danna ƙararrawa a ƙasa, na sauka in karɓi kuɗin mota.