Rajistar da Ba Ta San Jarirai Ba

Shekara shida ina kula da kwamfutocin ofishin lafiya na gundumarmu, tsibirai goma sha ɗaya a gabashin Indonesiya. Amma ranar da za a zaɓi tsarin sabuwar rajistar marasa lafiya, can baya aka zaunar da ni, kusa da farantin soyayyar ayaba.

Pak Gunardi (Pak a wajenmu kamar Malam ne), ƙwararren da aka ɗauko daga Jakarta, ya ce rumbun bayanai ɗaya za a yi a babban birni, kowane asibiti ya riƙa shigar da bayani kai tsaye ta intanet, kuma ba mai samun fayil sai da lambar katin ɗan ƙasa. Ni kuwa na ba da shawarar kowane asibiti ya ajiye nasa a na'urarsa, in an samu sabis a tura, jariri a ba shi lambar wucin gadi.

Mama Ludgardis, ungozomar da ta yi awa tara a jirgin ruwa don taron nan, ta ɗaga hannu. Ta ce a wajensu sai an hau tudun bayan coci ake samun sabis, jarirai kuma kan shekara ba takarda.

"Pak, in mace tana naƙuda, tudun zan hau da ita, ko jaririn zan tambaya lambarsa?"

Aka yi dariya, ita ba ta yi ba. Pak Gunardi ya ce wannan matsalar mataki na biyu ce. Da na miƙe, shugaban ofis ya ce mini, "Malama Serafina, zauna. Tun makon jiya aka sa hannu kan tsarin Pak Gunardi."

Ashe don hoto aka tara mu. Raina ya ɓaci, na ƙi sa hannu a takardar taron.

Bayan wata huɗu rajistar ta nuna ba a haifi ko ɗa ɗaya ba a tsibirai bakwai, har da na Mama Ludgardis. Maimakon a duba tsarin, shugaban ya ce in buga wa ungozomomi takardar gargaɗi kan lalaci. Na ce ba da ni ba. Ya ce to sakatare zai buga, ya kuwa buga.

Na ɗauki hutun da ban taɓa ɗauka ba, na bi jirgin ruwan Laraba. A asibitin Mama Ludgardis muka zauna da littafinta, tana karantawa ina rubutawa. Haihuwa arba'in da uku. Jarirai biyu daga ciki na buƙatar babban asibiti da gaggawa, ba kuma wanda ya sani a birni. Da jariran nan biyu na dawo.